Kunne Ya Girmi Kaka: Koyar da Matasa Sauraro ta Hanyar Aikin Ƙungiya

Gabatarwa



Masana koyar da harshe sun kasa aikin harshe gida huɗu, wato sauraro, da magana, da karatu, da rubutu. In muka duba jadawalin darussa na makarantunmu, tun daga firamare har zuwa jami'a, za mu tarar an ware wa karatu lokacinsa, an ware wa rubutu nasa, magana ma takan sami ɗan rabo ta wajen muhawara da wasan kwaikwayo. Sauraro kuwa an bar shi a hannun Allah. Abin da yaro ke samu game da shi bai wuce tsawar malam ba: "Ku yi shiru, ku saurara!" Ana ba shi umarni ya yi abin da ba a taɓa nuna masa yadda ake yi ba.

Manufar wannan lacca ita ce in nuna cewa sauraro fasaha ce da ake koyo kamar yadda ake koyon saƙa ko ƙira, sa'an nan in bayyana wani aikin ƙungiya da malami ko shugaban matasa zai iya shiryawa a Gwandu ko a Kalgo, a cikin aji ko a gindin bishiya, ba tare da ya kashe ko kwabo ba. Kafin in kai ga aikin, zan ɗan tsaya a kan ma'anar sauraro a Hausa, da gadon da muka taras a wannan ƙasa, da kuma abin da binciken zamani ya gano.

Ji da Sauraro

Kalmar "ji" tana da faɗi ƙwarai a Hausa. Mukan ji ƙara, mu ji ƙanshi, mu ji ɗaci, mu ji yunwa. Wanda ya iya harshe mukan ce yana jin Hausa ko yana jin Fulatanci. Yaro mai biyayya kuma mukan ce yana jin magana. Ke nan a wurin Bahaushe ji ya taso tun daga shigar sauti cikin kunne, ya ratsa ta fahimta, ya dire a kan aiki da abin da aka fahimta. Shi ya sa ake cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira.

"Sauraro" ya fi wannan ƙunci, domin ba ya faruwa sai da niyya. Mutum yakan ji tsawa ko yana barci, amma ba ya sauraron wa'azi sai ya nufa. Akwai kuma wata ma'ana ta wannan kalma da ya kamata mu lura da ita. In aka ce ruwa ya saurara, ana nufin ya tsagaita. In mutum ya ce da kai "saurara mini", yana nufin ka dakata. To, ashe harshen kansa ya riga ya gaya mana sharaɗin farko na sauraro: mai sauraro sai ya dakatar da bakinsa, ya kuma dakatar da amsar da yake shiryawa a zuciyarsa, har mai magana ya kai aya.

Bugu da ƙari, Hausa harshe ne da ke ɗora wa kunne nauyi na musamman, saboda karin sauti da tsawon wasali suna bambanta ma'ana, rubutunmu na yau da kullum kuwa ba ya nuna su. "Kuka" na bishiya da "kuka" na hawaye rubutunsu ɗaya. Haka "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala, haka "gashi" na kai da "gashi" na nama. Abin bai tsaya a kan kalmomi ba. A daidaitacciyar Hausa, in ɗan aike ya ce "Hakimi ya ce ya tafi", tsawon wasalin "ya" na biyu da karin sautinsa su ne za su nuna ko labari ake bayarwa cewa mutumin ya riga ya tafi, ko kuwa umarni ake ba shi ya tafi. Mutanen wannan yanki na yamma sun huta da wannan ruɗani, domin su a wajen umarni "shi tafi" suke cewa. Amma su ma suna da nasu aikin: yaron Kalgo da ya tashi da "shi na" da "ita ta", in ya shiga aji sai ya ji "shi ne" da "ita ce", in an jima kuma a juya zuwa Turanci. Yaron da Fulatanci ko Zabarmanci ne harshen gidansu, nauyinsa ya ninka haka.

Gadon da Muka Taras a Ƙasar Gwandu

Ba baƙon abu nake kawo wa mutanen Gwandu ba. Wannan gari Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a cikinsa tare da jama'arsa daga shekarar 1805, kafin ya koma Sifawa, kuma a nan ƙanensa Malam Abdullahi ya yi zamansa na ƙarshe yana karantarwa yana wallafa littattafai har ya rasu a wajajen 1829. Daga cikin littattafan Malam Abdullahi akwai Ida'un Nusukh, wanda a cikinsa ya lissafa malaman da ya ɗauki ilmi a wurinsu da abin da ya karanta a gaban kowannensu. Me ya sa babban malami kamarsa zai ɓata tawada a kan wannan? Dalili shi ne a tsarin ilmin Musulunci darajar abin da ka sani tana rataye da wanda ka ji shi daga bakinsa. Malaman hadisi sun gina fanni sukutum a kan tantance masu ruwaya, kuma cikin sharuɗɗan da suka gindaya wa mai ruwaya, bayan gaskiya da riƙon addini, akwai kiyayewa, wato ya isar da abin da ya ji yadda ya ji shi.

Wannan tsari yana nan a makarantun zaure har gobe. Ɗalibi yana jan baƙi, malam yana fassarawa, ɗalibi yana amsawa da "na'am", sauran ɗalibai kuma suna zaune suna sauraro kafin layi ya zo kansu, har mai ƙwazo ya ji littafi sau da yawa tun bai fara shi ba. A makarantar allo malam yakan biya wa yaro, yaro ya maimaita, in ya yi kuskure a gyara masa nan take. Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta bi wannan hanya wajen ilmantar da matan karkara. Jajis ɗinta, wato shugabannin 'Yan Taru, sukan ɗauki waƙoƙin karantarwa daga wurinta su kai wa matan ƙauyukansu, waɗanda yawancinsu da kunne suka karɓa suka kuma riƙe.

Ta fuskar mulki ma haka abin yake. Gwandu ce ke lura da sashen yamma da na kudu maso yamma na Daular Usmaniyya, har zuwa ƙasar Nufe da Ilori da Liptako. Mulkin ƙasa mai wannan faɗi, a zamanin da doki da ƙafa ne abin hawa, ya dogara ga manzanni da jakadu, kuma jakadan da ke rage saƙo ko ya ƙara masa gishiri ba ya daɗewa a bakin aikinsa. A cikin gari kuma mai shela ne ke zagayawa da sanarwar sarki.

A cikin gida, uwa ko kaka ita ce malamar farko. In ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku", ba ta ci gaba sai yara sun amsa "Ta zo mu ji ta". Wannan amsa alkawari ne na sauraro. In tatsuniyar tana da waƙa, yara ne ke amshi, mai gyangyaɗi kuwa nan da nan asirinsa ke tonuwa. Gobe da dare kuma a ce wane ya maimaita ta jiya, 'yan'uwansa suna gyara masa inda ya tsallake. Aiken yaro kasuwa ma darasi ne: uwa takan lissafa masa abin da zai sayo, ta ce "to, me na ce?", ba ta sake shi sai ya mayar mata daidai.

In muka tattara waɗannan misalai za mu ga abubuwa uku suna maimaituwa a cikinsu. Na ɗaya, mai sauraro yana da aikin yi, ba ya zama kurum. Na biyu, ana sa shi ya mayar da abin da ya ji. Na uku, akwai wanda ke gyara masa nan take. Waɗannan uku su ne ginshiƙan aikin da zan bayyana.

Abin da Masu Bincike Suka Gano

A ƙarshen shekarun 1920 wani malamin makaranta a birnin Ditiroyit na Amurka, Paul Rankin, ya sa wasu manya suka riƙa rubuta yadda suke kashe lokacinsu na ma'amala da harshe. Ya tarar kashi 45 cikin ɗari sauraro ne, kashi 30 magana, kashi 16 karatu, kashi 9 rubutu. Mutanen da ya auna ba su kai ɗari ba, kuma 'yan birni ne masu karatu, saboda haka ba za mu ɗauki alƙalumansa mu ɗora wa kowa ba. Amma in masu karatun boko na Amurka sun fi dogara ga kunne, ina ga manomin fadama wanda rediyo da masallaci da kasuwa ne hanyoyin labarinsa?

A 1932 Frederic Bartlett na Jami'ar Kambirij a Ingila ya buga sakamakon wani gwaji. Ya ba mutum ɗaya wata tatsuniya ta 'yan asalin Arewacin Amurka ya karanta, ya rubuta abin da ya tuna, aka ba na biyu abin da na farko ya rubuta, haka har zuwa ƙarshen layi. Tatsuniyar ta yi ta gajarcewa, kuma duk abin da ya yi wa Turawan baƙo sai suka mayar da shi abin da suka saba da shi. A 1947 kuma Gordon Allport da Leo Postman suka wallafa bincikensu a kan jita-jita, inda aka riƙa miƙa bayanin wani hoto daga baki zuwa baki. Sun ga kimanin kashi 70 cikin ɗari na bayanan sun zube bayan saƙon ya ratsa bakuna biyar ko shida. Sun kuma ga canjin yana bin hanyoyi uku: wasu bayanai su faɗi, wasu ƙalilan su kumbura su mamaye labarin, sauran kuma a lanƙwasa su su dace da abin da mai ji ya riga ya yi zato.

Dalilin wannan ba lalaci ba ne kawai. A 1956 George Miller ya nuna cewa abubuwan da mutum ke iya riƙewa a kansa a lokaci guda ba su wuce kimanin bakwai ba, binciken baya-bayan nan ma ya rage su zuwa wajen huɗu. Gwanin sauraro bai fi kowa girman kai ba. Abin da ya fi mu da shi dabara ce: yana ɗaure bayanai dami-dami, yana tambaya, yana maimaitawa. Dabara kuwa ana koyar da ita.

Aikin Ƙungiya: Zaman Manzanni

Na kira wannan aiki Zaman Manzanni. Ya dace da matasa daga shekara 12 zuwa sama, kuma ana iya sauƙaƙa shi don 'yan firamare. Ana bukatar mutum 10 zuwa 12 a ƙungiya ɗaya, da kimanin minti 40 a kowane zama. Matakai huɗu ne, kuma ya fi kyau a yi su a zama biyu ko uku maimakon a cusa su a rana ɗaya.

Mataki na farko: Sarƙar Saƙo. Malami zai zaɓi mutum biyar su zama manzanni, su fita inda ba za su ji abin da ake faɗa ba. Sauran su ne shaidu, kowanne da takarda da aka jera bayanan saƙon a kanta. Saƙon ya kasance irin wanda ake aikawa da gaske a garin, kuma ya ƙunshi bayanai kamar goma. Ga misali:

"Dagaci ya ce a sanar da masu unguwanni uku na gabashin gari cewa malamin gona zai zo ranar Laraba bayan la'asar. Zai kawo buhu goma sha biyu na irin shinkafa, bashi ne, za a biya bayan girbi. Kowane manomi ya zo da shaida ɗaya. Wanda gonarsa ke bakin gulbi kada ya shuka sai an sake sanarwa."

A kira manzo na farko a karanta masa sau ɗaya tak, ba tambaya, ba maimaitawa. A kira na biyu, na farko ya gaya masa da babbar murya, haka har zuwa na biyar, wanda zai sanar da jama'a. Shaidu ba su cewa uffan, ba su dariya, aikinsu su sa alama a inda kowane bayani ya faɗi ko ya sauya. Wannan ne ya bambanta aikin da wasan raɗa da yara suka sani, domin a wasan raɗa ba wanda ya san inda saƙo ya karye, a nan kuwa kowa ya gani da idonsa. Sau da yawa malami zai tarar adadi da lokaci ne ke fara zubewa, hani na ƙarshe ya ɓace ɗungum, kuma ba abin mamaki ba ne "bashi" ya koma "tallafi", domin shi ne abin da rai ke so ya ji. A nan sai a tsaya a tambayi ƙungiya: in da wannan saƙo na gaske ne, wa zai yi asara, kuma asarar me?

Mataki na biyu: Mayar da Saƙo. A sauya manzanni, a kawo sabon saƙo mai tsawo ɗaya da na farko, amma a ba kowane manzo haƙƙi uku: ya yi tambaya biyu, ya mayar da saƙon ga wanda ya ba shi, kuma kada ya juya sai mai bayarwa ya ce "haka ne". Kafin a fara, malami ya koya musu su ɗaure saƙo a kan yatsu biyar: wa ya aiko, ga wa, me za a yi, yaushe da ina, me aka hana. Bayan an gama a ƙirga bayanan da suka isa, a gwama da na zagayen farko a kan allo. Bambancin lissafin nan biyu shi ne darasin, kuma ya fi duk wata nasiha da malami zai yi tasiri, domin gani ya kori ji.

Mataki na uku: Gini Baya da Baya. A raba matasa biyu-biyu, da mutum na uku mai lura. Su zauna a ƙasa sun juya wa juna baya. A ba kowannensu kaya iri ɗaya, alal misali guntayen karan dawa shida masu tsawo daban-daban, da tsakuwa huɗu, da murfin kwalba uku. Na farko ya shirya nasa yadda ya ga dama, kamar fasalin gida da rumbu da rijiya, sa'an nan ya bayyana wa abokinsa da baki kaɗai yadda zai shirya irinsa. A karon farko mai ginawa ba ya magana. A karo na biyu a sauya matsayi, a kuma ba da damar tambaya. In sun gama sai su juyo su duba. Amfanin wannan mataki shi ne hannu ba ya ƙarya: yaro yana iya gyaɗa kai ya ce ya gane alhali bai gane ba, amma karan da ya ajiye a hagu maimakon dama zai ba da shaida a kansa. Har ila yau, a nan mai magana ke gane nasa laifin. Wanda ya ce "ajiye shi can" ga mutumin da ba ya ganinsa, zai koyi cewa "ajiye shi gabas da dogon karan, tazarar yatsa biyu".

Mataki na huɗu: Muhawara Mai Sharaɗi. Matakan baya sun shafi bayanai, wannan ya shafi ra'ayi, kuma shi ya fi wuya. A zaɓi batun da ya dami matasan da gaske amma ba zai tayar da husuma ba, kamar ko ya kamata ɗalibi ya riƙe wayar hannu a makaranta, ko noman rani ya fi tafiya cirani. Sharaɗin ɗaya ne, kuma masanin halayyar ɗan Adam Carl Rogers ne ya ba da shawararsa a farkon shekarun 1950: ba wanda zai faɗi nasa ra'ayin sai ya fara bayyana ra'ayin wanda ya gabace shi, da hujjarsa, har mai ra'ayin ya yarda cewa abin da yake nufi ke nan. In bai yarda ba, a sake. Matasa za su ga yadda wannan ke rage saurin gardama, za su kuma ga cewa sau da yawa abin da suke shirin rusawa ba shi abokinsu ya faɗa ba.

A ƙarshen kowane zama a bar minti biyar na bita, inda kowa zai faɗi dabara ɗaya da ta taimake shi. Malami ya ajiye lissafin bayanan da suka isa a kowane mako, don a ga ko ana ci gaba. Kada a ba mutum ɗaya maki, a ba ƙungiya, domin saƙon da ya karye a tsakiya laifin sarƙa ne gaba ɗaya.

Wasu Matsaloli da Yadda Za a Tunkare Su

Matsala ta farko yawan ɗalibai. Tun daga shirin ilmin firamare na bai ɗaya na 1976 azuzuwanmu suke cike. Maganin shi ne a fara horar da ɗalibai biyar ko shida masu hankali su zama shugabannin ƙungiyoyi, a fita fili, kowace ƙungiya ta kama inuwarta. Malamin allo ya daɗe yana yin haka da manyan almajiransa.

Ta biyu, kunya. Littattafan koyar da sauraro da ake kawowa daga ƙasashen Turai sukan ce mai sauraro ya kalli mai magana cikin ido. A wurinmu yaron da ya ƙura wa babba ido rashin kunya ya yi, wanda ya sunkuyar da kai shi ne mai ladabi. Saboda haka kada malami ya auna sauraro da kallo, ya auna shi da abin da aka mayar. Muna da namu alamomin: "na'am", "to", "haka ne", "Allah Sarki". Sai dai akwai inda al'ada ke bukatar gyara. Yaro yakan ji nauyin ce wa babba bai gane ba, sai ya ce "to" ya tafi da rabin saƙo. A koya masa lafazin ladabi da zai yi tambaya da shi, kamar "Allah gafarta malam, in maimaita ko na ji daidai?" Inda kuma zaman baya da baya tsakanin maza da mata bai dace ba, a ware ƙungiyoyi, amma kada a bar 'yan mata a matsayin shaidu kullum, su ma su yi manzanci.

Ta uku, harshe. A fara aikin da harshen da matasan suka fi ji, sai dabarar ta zauna sa'an nan a maimaita shi da Turanci ko Larabci. In aka fara da harshen da yaro bai iya ba, ba za a san ko sauraro ne ya gaza ko ƙarancin kalmomi ba. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta yi tanadin fara karatun firamare da harshen uwa ko na yankin da yaro yake, kuma hikimar da ke cikin wannan ta fi fitowa fili a wajen sauraro.

Ta huɗu, lafiyar kunne. In malami ya ga wani yaro kullum a wurinsa saƙo ke karyewa, ko yana karkata kai gefe ɗaya in ana magana, kada ya yi saurin kiransa mai kunnen ƙashi. Ciwon kunne mai zubar da mugunya, da ƙyanda, da sanƙarau, duk suna iya rage ji. A shawarci iyaye su kai shi asibiti, a kuma zaunar da shi gaba.

Kammalawa

Wani zai ce wannan duk wasan yara ne, ina ruwan ma'aikacin gwamnati da shi? Ina roƙon ma'aikata su duba aikinsu na mako guda. Malamin asibiti ya ce ƙwaya biyu sau uku, mai jinya ya tafi da ƙwaya uku sau biyu. Sakataren taro ya rubuta abin da yake zaton an yanke. Malamin gona ya je ƙauye da amsa a aljihunsa kafin manoma su faɗi damuwarsu. A jihar da ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a daminar 2020, gargaɗin da ya isa kunnen manomi daidai, a kan lokaci, dukiya ce da rai. Mun kuma ga abin da saƙon da ba a tantance ba ke jawowa: a watan Agusta na 2014, cikin dare ɗaya, jita-jitar cewa wanka da ruwan gishiri da shansa na kare mutum daga cutar Ebola ta game ƙasar nan ta wayar hannu, har aka ba da rahoton rasa rayuka. A yau saƙon murya na WhatsApp yana ratsa kunnuwa dubbai kafin a yi sallar azahar. Matashin da ya taɓa zama shaida a Sarƙar Saƙo, ya ga yadda bashi ya koma kyauta a bakuna biyar, zai fi saurin tambayar wa ya faɗa, daga wa ya ji.

Shawarata ga hukumomin ilmi na ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo ita ce su ware darasi ɗaya na Hausa a kowane mako biyu don wannan aiki, su gwada shi zango ɗaya a 'yan makarantu ƙalilan, su ajiye lissafi. Ga ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013 kuma mazauninta yake a nan ƙasar Kalgo, da na Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie da ke Argungu, ga fagen bincike a ƙofar gida: ku shiga makarantun da ke kewaye da ku, ku gudanar da aikin, ku auna wane irin bayani ne ke fara zubewa a Hausa, ku kuma gwama ɗaliban boko da almajiran zaure mu ga wa ya fi riƙe saƙo. Shugabannin ƙungiyoyin matasa da malaman Islamiyya su ma ƙofa a buɗe take gare su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.